Nawa ake kashewa kafin saniya ta ƙetare hunturun Kanada?

Wani bawan Allah mai kiwon shanu a wajejen Funtuwa ya aiko da tambaya. Ya ce ƙanensa yana aiki a wata gonar shanu a Kanada, kuma ya gaya masa cewa duk shekara babu abin da ke cin kuɗin maigidansa kamar ciyar da shanu da hunturu. Shi kuwa abin ya ɗaure masa kai. Ƙasar da ake cewa ruwa ya wadata, ciyawa har ta yi yawa, ina kuɗin ke tafiya? Kuma in za a yi lissafi, nawa ne a kan saniya ɗaya?

Malam, ƙanenka bai faɗi ƙarya ba. Aikina ke nan, haɗa abincin dabbobi, kuma na taɓa yin hunturu guda cur a wata gona a lardin Saskacewan, don haka abin da zan gaya maka na gani da idona, wani kuma na sha wuyarsa da hannuna.

Fara cire hunturunmu daga ranka. Namu sanyi ne da hazo da tsagewar leɓe, rana na fitowa a ajiye bargo. Nasu, ƙasa ce ke daskarewa ta yi tauri kamar daɓe. A filayen yammacin Kanada, wato Alberta da Saskacewan da Manitoba, ciyawa takan tsiro ne daga wajejen Mayu, zuwa Oktoba ta tsaya cak. Daga nan dusar ƙanƙara ta rufe komai. A watan Janairu ba abin mamaki ba ne ma'auni ya sauka 30 ƙasa da sifiri, wani lokaci har 40. Saboda haka akwai kwana 150 zuwa 200 a shekara da saniya ba ta iya nemo wa kanta abinci yadda ta saba. Duk lomar da za ta ci, sai wani ya yanke ta tun damina, ya busar, ya ɗaure, ya ɗauko, ya ajiye, sannan ya sake ɗaukowa ya kai mata. Kowane mataki a cikin waɗannan kuɗi ne. In kana neman abin da ya yi kama da hunturunsu a wajenmu, rani ne da bazara, ba hunturu ba.

Su ma ba da wannan wayon suka tashi ba. A da can sakin shanu ake yi a fili su nemi na bakinsu rani da damina, kamar dai yadda muka gada. Hunturun 1886 zuwa 1887 ne ya koya musu hankali. An yi fari kafinsa, shanu sun yi wa filayen Montana da Dakota na Amurka, maƙwabciyar Kanada, yawa, suka shiga sanyi a rame, ƙanƙara ta zo ta yi ɓawo a kan ɗan abin da ya rage. Da ta narke, kwaruruka cike suke da mushe. Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, yana kiwo a Dakota a lokacin, kuma fiye da rabin garkensa ya tafi. Tun daga nan yankan ingirici da tanadinsa ya zama ginshiƙin kiwo a arewacin wannan nahiya.

To, mu zo ga lissafi. Saniya na cin abin da ya kai kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari na nauyinta kowace rana, in an cire ruwan da ke cikin abincin. Shanunsu manya ne, irin su Angus da Simmental, uwa ɗaya takan kai kilo 600, ninki biyu ke nan na bunajin da ke turkenka. Ka ce tana buƙatar kilo 13 na busasshen abinci. Ingirici komai bushewarsa akwai ɗan danshi a ciki, don haka sai an ba ta wajen kilo 15 kafin ta sami 13 ɗin. Kwana 180 sau kilo 15, ya ba ka kilo 2,700. Wannan abin da ya shiga cikinta ke nan. Wanda ta tattake, da wanda ta yi wa fitsari, da wanda ya ruɓe a ajiye bai shiga ba. In ka ɗauka ɓarnar kashi 15 ce cikin ɗari, kuma wannan gona ce mai kula, sai ka tanadi wajen kilo 3,200. Daminsu ba irin namu ba ne, inji ne ke naɗe shi kamar tabarma ya zama ƙaton dunƙule mai tsayin mutum, wanda yakan kai kilo 600. Saniya ɗaya, dami biyar da ɗoriya.

Farashi kuwa yana hawa yana sauka, don haka mu ɗauki misali kawai. In tan ɗaya dala 150 ne, saniyar nan ta ci dala 480 a ingirici kaɗai. In shekarar fari ce tan ya koma 300, ta ci 960, kuma cikinta bai ƙara girma ba. Mai shanu ɗari yana neman tan 320, dami sama da ɗari biyar. Ga kuma inda mutane da yawa ke yin kuskure: ba saniya ce ke biyan wannan kuɗi ba, maraƙinta ne, don shi ake sayarwa. In shanu ɗari sun ci, amma maruƙa 85 ne suka kai yaye, to dala 48,000 ɗin nan a kan 85 za ka raba ta, kowane maraƙi ya taso da bashin wajen dala 565 tun bai san hanyar kasuwa ba. Shi ya sa da kaka ake kiran likitan dabbobi ya duba garken kaf. Wadda ba ta ɗauki ciki ba, mota za ta shiga. Babu mai ciyar da juya wata shida don kyan ƙahonta. Na san wannan magana ba ta yi wa makiyayinmu daɗi, don mu saniya tana da suna, an san uwarta da kakarta. Amma lissafin ba ya jin Fulatanci.

Sannan akwai kuɗin da ba a gani a jikin dami. Kullum safiya sai an tada tarakta, kuma a wannan sanyi sai an kwana da ita jone da lantarki don kada injin ya ƙi tashi. Ga mai, ga gyara, ga ladan ma'aikaci irin ƙanenka. Ga karan alkama da ake shimfiɗa musu su kwanta. Ga ruwan sha, wanda sai an sa masa abin ɗumamawa in ba haka ba ya zama dutse. Ga gishiri da sinadaran lasa. In an tsare shanu a shinge ɗaya duk hunturu, da bazara kuma sai an biya a kwashe tulin kashin a kai gona. Waɗannan in ka tara su ba ƙaramin kaso ba ne, kuma manomi da yawa ba ya rubuta su, don yana ganin tarakta tasa ce, guminsa kuma kyauta ne.

Sanyin kansa ma yana da nasa kason a cikin kwano. Tumbin saniya kamar murhu ne: ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa a ciki suna fitar da zafi, shi ke ɗumama ta. In ta yi gashin hunturu mai kauri kuma a bushe yake, tana jure sanyi har wajen 8 ƙasa da sifiri ba tare da ta ƙara ci ba. Daga nan kuwa, duk digiri ɗaya da ma'auni ya sauka, buƙatarta ta abinci mai sa ƙarfi tana ƙaruwa da wajen kashi 2 cikin ɗari. Iska na ƙara tsananta abin, shi ya sa za ka ga katangar katako a tsakiyar fili ba rufi ba komai, aikinta kawai tare iska. Wani abin mamaki da na gani: saniyar da dusar ƙanƙara ke kwance a gadon bayanta ba ta narke ba, ita ce mai lafiya, don alama ce zafin jikinta ba ya fita. Wadda bayanta ke jiƙe, ita za ka sa wa ido. Jiƙewa ita ce mugun abu. Saniya mai jiƙaƙƙen gashi tana fara jin sanyi tun ma'auni na 15 sama da sifiri. Abin da ya faru ke nan a Dakota ta Kudu a farkon Oktoban 2013: aka yi ruwa ya jiƙa shanu sharkaf, ba su riga sun yi gashin hunturu ba, sai ga guguwar ƙanƙara a kai. Dubun-dubatar shanu suka mutu cikin 'yan kwanaki.

Ƙari a kan haka, duk wannan lokaci ciki gare ta. Cikin saniya wajen kwana 283 ne, kuma yawancin girman ɗan tayin a wata ukun ƙarshe yake, wanda a gonaki da yawa ya faɗo daidai tsakiyar sanyi. A Alberta akwai wata ƙa'ida da malaman gona ke koyarwa, mai sauƙin riƙewa: furotin kashi 7 cikin ɗari a tsakiyar ciki, 9 a ƙarshensa, 11 bayan haihuwa. Karan alkama da na sha'ir ba su wuce 3 zuwa 5 ba. Suna da arha, suna cika ciki, amma su kaɗai ba su riƙe saniya. Har ma akwai hatsari: in sanyi ya tsananta ta dinga ɗura kara don ta ji ɗumi, ba furotin da zai taimaka ya narke, sai ya cushe mata ciki ta mutu da ƙoshi. Don haka ake haɗa shi da sha'ir, ko ingiricin wata ciyawa da ake kira alfalfa, ko dusar da ke fitowa daga masana'antar da ke tace man itanol daga hatsi, wadda furotin ɗinta ya kai wajen kashi 30.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe daga duk wannan bayani. Farashin tan ba a hannun manomi yake ba, sama da kasuwa ke yanke shi. Abin da ke hannunsa biyu ne: kwana nawa zai ɗauki abinci ya kai wa saniya, da kuma nawa ne daga abin da ya tanada zai shiga bakinta. A nan riba da asara suke rabuwa, kuma a nan na ga maƙwabta biyu, ƙasa ɗaya, sanyi ɗaya, ɗaya na ginin sabon rumbu ɗaya na sayar da karsana.

Ɗauki ɓarna tukuna. Dami mai faɗin mita 1.8, in ruwa ya lalata santimita 15 kacal na bayansa, kai za ka ce ɗan ɓawo ne. Yi lissafin da'ira ka gani: kusan kashi 30 cikin ɗari na damin ke nan. Ni kaina na faɗa wannan rami. A gonar da na zauna, an bar mini jera damin da aka sayo da kaka, na jera su a wani ɗan kwari don ya fi kusa da shinge, na kuma manna su gefe da gefe don su yi kyan gani. Aka yi ruwa, aka yi ƙanƙara, ta narke ta sake daskarewa a tsakaninsu. Da muka zo ɗauka a Fabrairu, gindin kowanne ya manne da ƙasa, baƙi ƙirin, in ka tura hannu sai wari kamar na tsohuwar rijiya. Maigidan bai yi faɗa ba. Ya dai tsaya ya ƙirga su da yatsa a gabana, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya koma cikin tarakta. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wajen bayarwa ma haka. In ka jefa dami a fili ka bar shanu a kansa, za su ci, su hau, su kwanta, su yi kashi, abin da zai salwanta yana iya haura kashi ɗaya cikin uku. Jami'ar Jihar Mishigan da ke Amurka ta gwada komin ƙarfe iri huɗu, aka buga sakamakon a 2003: mai kama da mazurari ya zubar da kashi 3.5 cikin ɗari, zoben ƙarfe na yau da kullum wajen 6, mafi muni a cikinsu ya kusa 15. Ƙarfe ne kawai aka lanƙwasa daban, amma a garken shanu ɗari bambancin tan-tan ne.

Sai maganar kwanaki, wadda ta fi komai nauyi. Saniya ƙafa huɗu gare ta da baki, kuma ba ta shan man dizal. Duk ranar da ta je ta ci da kanta, an huta da naɗewa da ɗauka da kwasar kashi. Saboda haka suka ɓullo da dabaru. Akwai masu shuka sha'ir ko hatsin oat a makare, su yanke da kaka su bar shi kwance layi-layi a gona, shanu su dinga tona ƙanƙara da hanci suna ci. Cibiyar binciken gona ta Lacombe a Alberta ta daɗe tana aiki a kan wannan, kuma ta nuna yana rage kuɗin hunturu ƙwarai. Akwai masu jera dami a fili tun kaka, tazara-tazara, su kewaye da waya mai lantarki, duk bayan kwana biyu-uku a matsar da wayar a buɗe musu sabon layi. A nan ana ɓarna, amma ɓarnar da kashin da fitsarin duk a gonar suke zama, da damina wurin ya fi ko'ina kore. Wasu masara suke bari a tsaye. A jihar Nebraska ta Amurka kuwa, bayan an girbe masara sai a saki shanu su yi kalar zangarniya da ganye, mai shanu ya biya mai gona kuɗin haya a kan kowane kai. Da na fara ganin wannan dariya na yi, don abin da Bafulatani da manomi suka yi shekara aru-aru suna yi ke nan a ƙasar Hausa: kara naka, taki nawa. Wasu kuma sun matsar da lokacin barbara don haihuwa ta faɗo Mayu ko Yuni, lokacin da ciyawa ta fito, uwa ta sami mafi yawan buƙatarta a ƙasa maimakon a komi.

Akwai hanya ta uku ta rage kuɗi, wato a rage wa saniya abinci, kuma ita ce mai tsada a ƙarshe. Saniyar da ta haihu a rame dakashinta ba ya da ƙarfi, maraƙin ya zo a raunane, ita kuma ta yi jinkirin neman bijimi. Bashin da ka ci a Janairu, da kaka za a zo karɓa, ranar da ka duba ka ga babu ciki. Don haka masu hankali suke raba garke: karsana masu cikin fari da tsofaffi da ramammu gefe guda a ba su mai kyau, ƙosassu gefe guda su ci na baya. Kuma suna ɗibar samfurin ingirici su aika ɗakin gwaji kafin sanyi ya shigo, don ido ba ya gane furotin. Kuɗin gwajin bai kai na dami ɗaya ba.

In shekara ta ɓaci kuwa, duk dabara sai ta gaza. Da aka yi fari a 2021, ingirici ya yi wuya a yammacin Kanada har ƙungiyar manoman ƙasar ta shirya jigilarsa daga lardunan gabas, tafiyar dubban kilomita, kamar yadda aka taɓa yi a 2002. A Amurka fari da tsadar abinci suna cikin abin da ya sa aka yi ta sayar da iyayen shanu, har a Janairun 2024 garken ƙasar ya sauka zuwa miliyan 87.2, adadin da a lokacin ba a ga ƙasa da shi ba tun 1951.

Mu a nan muna biyan irin wannan kuɗi, sai dai ba daga aljihu yake fita ba, daga jikin saniya yake fita. Ta yi ƙiba da damina, ta zubar da rani, ta kai bazara ana ƙirga haƙarƙarinta, wata sai an ɗaga ta da sanda. Sakamakon shi ne haihuwar da ya kamata a yi duk shekara ta koma kusan duk shekara biyu. Ba wanda ke rubuta maraƙin da ba a haifa ba, shi ya sa muke ganin kiwonmu ba tsada. An yi ƙoƙarin magance wannan tun shekarun 1980, lokacin da masu bincike suka gwada killace fili a shuka ciyawar stylo a yankin Kachiya don a ajiye wa masu ciki da masu shayarwa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana koyar da jiƙa kara da takin yuriya don ya ƙara amfani. Wannan na biyun a koya wajen masani kafin a gwada, don yuriya in ta yi yawa kisa take.

Lissafin da na yi wa saniyar Kanada zai yi wa taka. Bunaji mai kilo 300 tana son wajen kilo 7.5 na busasshen abinci a rana. Daga Janairu zuwa ƙarshen Mayu kwana 150 ne, ya kama kilo 1,125 in a turke take ba ta fita. Cire abin da take samu a kiwo, sauran shi ne naka. Ka sayi harawa da ƙowa da kaka lokacin da manomi ke neman kai da su, kada ka bari sai bazara da ƙulli ɗaya ke neman kuɗin uku. Ka sauke ta daga kan soro da reshen bishiya inda rana ke cinye ta ganyen na kakkaɓewa, don amfanin harawa a ganyen yake, ka sa ta a rumfa a kan itace. Ka daddatsa kara ka zuba a komi maimakon ka watsa a ƙasa. Dussa da angurya kuma ka ware wa masu tsohon ciki da masu shayarwa. Ka ari sikelin masu hatsi ka auna dami uku na harawarka ka aiko mini da nauyinsu da yawan shanunka, sai mu fitar da adadin da za ka tanada kafin kasuwa ta tashi.